Amsoshin Tambayoyinku: Shin Littafi Yana Maganin Yawan Tunani?

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce, ina da 'ya'ya uku. Tun da mahaifiyata ta rasu bara, sannan maigidana ya rasa aikinsa, na shiga wani hali na yawan tunani. Wata huɗu ke nan barci ba ya ɗaukata sai wajen ƙarfe uku na dare, abinci ba ya yi min daɗi, na rame har rigunana sun yi min yawa. Wata ƙawata ta ba ni aron littattafan Turanci irin na gina kai, na karanta guda huɗu. Idan ina karantawa sai in ji kamar an sauke min kaya, amma bayan kwana biyu sai in koma gidan jiya. Ɗaya daga ciki ya ce in riƙa zama shiru ina bin numfashina, abin da suke kira mediteshan, amma yayana ya ce wannan bautar 'yan Buda ce, in kiyayi imanina. Don Allah littattafan nan suna magani da gaske, ko ɓata lokaci ne? Zaman nan kuma in yi ko in bari? Ko dai raunin imani ne ke damuna kamar yadda wasu ke faɗa min?

Daga wata malama, Gusau.

AMSA: Malama, kafin komai ina yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, shi kuma maigida Allah ya musanya masa da mafi alheri. Tambayoyi uku kika jero, zan fara da ta ƙarshe, domin na lura ita ce ta fi ci miki rai ko da yake kin ajiye ta a wutsiya.

Masu ce miki raunin imani ne, da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma sun ɗora miki kaya a kan kaya. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba kuma wanda ya isa ya taɓa imaninsa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke ce mata. Mace ta rasa uwa, cefanen gida ya dawo kan albashin firamare, sannan a tsaya ana tambayarta don me ba ta barci? Ki cire wannan zargi daga ranki. Salla da addu'a suna nan a matsayinsu, ba mai cewa a sassauta su, amma ai mai hawan jini ma yana tsayuwar dare kuma yana shan ƙwayarsa da safe.

Littattafan da kike nufi na san su, don ni ma na taɓa zuba musu kuɗi. Shekarun baya wani aiki da na dogara da shi ya suɓuce min, sai na tsaya gaban wani mai baza littattafai a bakin titi na sayi guda biyu, bugun jabu, irin wanda kana buɗewa shafukan suna ɓallewa. Ɗaya ya umarce ni in rubuta cewa ni mai nasara ne, arziki yana tafe gare ni, in manna a jikin madubi in karanta sau goma kowace safiya. Na yi. Rannan mahaifiyata ta leƙo ɗakina ta ga takardar, ta ce, "Kai kuma wannan wane irin laƙani ne aka ba ka da boko?" Na yi mata bayani. Ta ce, "To, Allah ya sa madubin ya ji." Mako uku na yi ina yi wa madubi karatu. Duk safiyar da na ce ni mai nasara ne, sai wata murya a cikina ta ce, ƙarya kake, ko kuɗin mota ba ka da shi. Nakan bar gaban madubin jikina ya fi sanyi.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A 2009 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, Joanne Wood, ita da abokan aikinta sun gwada wannan dabara. Suka sa mutane suna maimaita wa kansu wata jimla ta yabon kai. Waɗanda dama suke ganin kansu da ƙima sun ɗan ji daɗi. Waɗanda kuwa suke raina kansu, wato ainihin masu sayen irin waɗannan littattafai, sai abin ya ƙara dagula musu rai. Zuciya ba yarinya ba ce da za a rufe mata baki da alawa. In aka faɗa mata abin da ba ta yarda da shi ba, gardama take tayarwa.

Kada ki ɗauka daga nan cewa duk fanko ne. Kasuwar tsohuwa ce, kuma akwai tsaba akwai tsakuwa. Wani marubuci ɗan Sikotlan, Samuel Smiles, shi ya yayata sunan fannin da littafinsa Self-Help, wato taimakon kai da kai, a 1859. Dale Carnegie, ɗan manomi daga jihar Misuri ta Amurka, ya fitar da How to Stop Worrying and Start Living a 1948, kan yadda mutum zai rage damuwa ya fuskanci rayuwa. Da aka fassara shi zuwa Larabci, wani babban malamin Masar, Shaikh Muhammad al-Gazali, ya karanta. Ba Imam Gazali mai Ihya'u ba, wannan na zamaninmu ne, ya rasu a 1996. Bai ce a ƙone littafin ba. Zama ya yi ya rubuta nasa, Jaddid Hayatak, wato sabunta rayuwarka, yana ɗauko shawarwarin Ba'amurken ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda suke da tushe a Alƙur'ani da Sunna da maganganun magabata. Na kawo wannan ne saboda yayanki. Malamai sun daɗe suna karanta irin waɗannan littattafai da rariya a hannu.

Wanda ba na yi wa sassauci shi ne irin The Secret, na wata 'yar Ostareliya mai suna Rhonda Byrne, da ya fito a 2006 ya karaɗe duniya. Idan yana cikin huɗun da kika karanta, ki mayar wa mai shi da godiya. Abin da yake koyarwa shi ne tunanin mutum kamar maganaɗisu yake: ka ƙudurta dukiya ta zo, ka ƙudurta tsiya ta zo. A kunne yana da zaƙi. Amma ki juya shi ta baya ki gani. Ke nan manomin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa a nan Zamfara, tunaninsa ne ya jawo masa? Maigidanki shi ya kira wa kansa rasa aiki? Babu wani binciken kimiyya da ya tabbatar da wannan da'awa, ga shi ta yi karo da abin da muka yi imani da shi game da ƙaddara, sannan mafi muni, tana sa mai damuwa ya fara tsoron tunaninsa. Mace kwance ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, tana fama da tunanin kuɗin makarantar yara, sai kuma ta ƙara da fargabar cewa wannan tunanin ma wata masifa yake jawowa. Wannan ai ƙarin gishiri ne a kan gyambo.

Akwai kuma waɗanda likitoci suka rubuta, aka gwada su a kan marasa lafiya kamar yadda ake gwada magani. A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Fensilbaniya, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane masu saurin gilmawa, waɗanda suke karɓa a matsayin gaskiya ba tare da sun bincika ba: ba ni da amfani, komai ya lalace, ba za ta taɓa gyaruwa ba. Ya gina hanyar magani a kan koya wa mutum ya cafke irin wannan tunani ya tuhume shi. Wani almajirinsa, David Burns, ya zuba hanyar a littafi don kowa da kowa, Feeling Good, a 1980. Gwaje-gwaje sun nuna irin wannan karatu yana rage damuwa mai sauƙi da matsakaiciya, musamman idan akwai wani ma'aikacin lafiya da ke bibiyar mai karatun. Har ta kai a yankin Wales na Birtaniya, daga 2005, likita yana iya rubuta wa mara lafiya sunan littafi a takarda ya je ɗakin karatu ya karɓa, Ingila ma ta bi sahu a 2013.

Yadda za ki bambance su ba wuya. Littafin kirki aiki yake ba ki, ɗayan kuwa kirari yake yi miki. A nan amsar abin da ya ɗaure miki kai take, wato sauƙin da ke gushewa bayan kwana biyu. Lokacin da kike karatu, hankalinki ya bar kan matsalar, ga wani yana yi miki magana mai daɗi, ga jin cewa kin ɗauki mataki. Da kin rufe littafin, bashin mai shago yana nan, ɗakin Mama yana nan a rufe, kuma ba abin da ya sauya a yadda zuciyarki ke sarrafa su. Karanta takardar likita sau huɗu ba shan magani ba ne. Da littafi huɗu a wata guda, gara guda ɗaya a wata uku, da biro a hannu.

Bari in nuna miki irin aikin da nake nufi. Ki samo ɗan littafin rubutu irin na ɗalibanki, ki ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida huɗu. A ce ranar Talata kin gaida hedimasta a bakin ofis ya wuce bai amsa ba, kika wuni cikinki yana juyawa. A gidan farko ki rubuta abin da ya faru kawai, kamar mai ba da shaida a kotu: na gaishe shi, bai amsa ba. A na biyu ki rubuta abin da zuciya ta ce: ya gaji da ni, ya ga aikina ya ja baya, za a yi min canjin wurin aiki, mu biyu za mu zauna a gida. A na uku ki nemi hujja, ta goyon baya da ta musu: gaskiya na makara sau biyu a watan nan; amma waya ce a kunnensa lokacin, kuma jiya da kansa ya tambaye ni jikin ƙaramin ɗana. A na huɗu ki rubuta abin da za ki faɗa wa ƙawarki da ita ce ta zo miki da wannan labari: wataƙila bai ji ba, in ma makarar ce ta dame shi, gobe sai in same shi mu yi magana. Kin ga ba a ce ki yi wa kanki ƙarya ba. An ce ki yi wa kanki adalcin da kike yi wa mutane. Ranar farko za ki ji kamar wasan yara ne. Bayan mako uku ana yi kullum, sai ki fara kama tunanin tun yana bakin ƙofa.

Abin da zai ba ki mamaki, kuma ya kwantar wa yaya hankali, shi ne wannan dabara ta girmi Beck da shekara dubu. Abu Zaid al-Balkhi, malami daga yankin Balkh da ke Afganistan ta yau, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, kan kiyaye lafiyar jiki da ta rai. Ya yi babi-babi kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rasa masoyi ko dukiya, wanda ake yi wa magani da nasiha daga waje da kuma gyaran tunani daga ciki. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba sanadi, ya hana shi walwala, shi kuwa ya danganta shi da jiki, ya ce ta jikin za a bi a magance shi. Shawararsa da ta fi burge ni ita ce mutum ya tanadi tunane-tunane masu lafiya tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Mu ma mun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wani masani ɗan Sudan, Farfesa Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara sashen rai na littafin zuwa Turanci a 2013, kuma ɗan ƙarami ne, za ki iya gama shi a zama biyu. Idan ƙawarki za ta iya samo miki shi, to da tsohuwar zuma ake magani.

Sai batun zaman shiru. Yayanki yana da gaskiya a wani wuri, ya kuma yi kuɗin goro a wani wuri. Kalmar mediteshan buhu ce da aka zuba abubuwa daban-daban a ciki. Akwai nau'in da ibada ce ta wani addini ko da an sauya mata riga. Misali, hanyar da wani malamin Hindu, Maharishi Mahesh Yogi, ya yaɗa daga Indiya zuwa Turai da Amurka tun ƙarshen shekarun 1950: ana fara koyar da ita da wani biki na furanni da 'ya'yan itace da turare a gaban hoton malaminsa, sannan a ba ɗalibi wata kalma ta harshen Sanskirit ya riƙa maimaitawa. Duk littafi ko bidiyon da ya ce ki maimaita kalmar da ba ki san ma'anarta ba, ko ki roƙi sararin samaniya ya biya miki buƙata, ko ki ji ke da Ubangiji abu ɗaya ne, ki rufe shi. A nan ina bayan yaya ɗari bisa ɗari.

Amma abin da asibitoci suke koyarwa daban ne. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Masacusets don masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani. Bai ɓoye ba cewa a wurin malaman Buda ya koyi zaman, amma ya cire bukukuwan da aƙidar, ya bar horon hankali: ka lura da numfashinka, in tunani ya ɗauke ka, ka dawo. Kafin shi ma, wani likitan zuciya a Jami'ar Habad, Herbert Benson, ya auna abin da ke faruwa a jikin masu irin wannan zama, ya ga bugun zuciya da numfashi suna sassautawa. A littafinsa na 1975 ya nuna cewa ba wata kalmar sirri ake buƙata ba. Abin da ke aiki shi ne maimaita kalma ko addu'a ko bin numfashi, da kuma dawo da hankali cikin lalama duk lokacin da ya zille. Yakan shawarci mutane su zaɓi lafazi daga addininsu.

Da na fara karanta wannan sai kakata ta faɗo min a rai. Ba ta taɓa jin sunan Habad ba. Amma in ta idar da sallar asuba ba ta tashi daga kan buzunta sai rana ta fito. Carbi a hannun dama, ido a lumshe, leɓe yana motsi a hankali, kaji suna ta kai-kawo a tsakar gida ba ta ko ɗaga kai. In muka zo da ƙara sai ta ɗaga yatsa ɗaya, mu koma. Matar nan ta binne miji da 'ya'ya huɗu, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai ta sanyin rai ba. Muna da tafakkuri, muna da muraƙaba da muhasaba, waɗanda Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya ware musu littattafai sukutum a cikin Ihya'u Ulumid Din. Sai dai in ja kunnenki: kada zikiri ya koma miki ƙwayar barci. Ibada ce, don Allah ake yin ta, natsuwar da ke biyo baya gyara ce aka yi miki a kan awo.

Shi kuwa jan numfashi a hankali, a ganina bai wuce motsa jiki ba, kamar mai ciwon baya da aka ce ya riƙa miƙewa. Idan mutum ya tsawaita fitar da numfashi fiye da shaƙarsa, jijiyoyin da ke kwantar da jiki ne suke karɓar ragama, bugun zuciya ya ragu. Haka Allah ya halicci jikin Musulmi da na wanda ba Musulmi ba. In kina son gwadawa, bayan kin gama azkar ɗinki na safe ki ci gaba da zama a kan darduma minti goma. Ki ɗora hannu a ciki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, ki ji cikin ya taso, ki saki a hankali kina ƙirga shida. Kafin numfashi na biyar hankalinki zai tafi wurin kuɗin haya, ko fuskar Mama a gadon asibiti. Kada ki ce kin kasa. Ki lura ya tafi, ki kamo shi kamar yadda kike kamo yaron da ya leƙa taga ana tsakiyar darasi, ba duka ba tsawa. Wannan kamowar ita ce horon, ko sau hamsin ne. In har zuciyarki ba ta kwanta ba ta fuskar hukunci, ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, ke da yaya, ki kwatanta masa abin da za ki yi daki-daki. Kada ki ce masa mediteshan kawai, don sunan zai yi wa fatawa.

Kada kuma ki sa masa ran da ya fi ƙarfinsa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum 3,515. Sun samu cewa irin wannan zama yana rage fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo daidai gwargwado, amma ba su ga hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ko ganin ƙwararre ba. Wasu ma, musamman waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu, zaman shiru yakan taso musu da abin da suka binne. Hawaye ba laifi ba ne, mai makoki dole ta yi kuka. Amma in kika ji ƙirjinki yana bugawa, tsoro yana rufe ki, ki buɗe ido ki tashi ki kama wani aiki.

Wani abu da nake ƙorafi a kai game da yawancin littattafan nan: an rubuta su ne don mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki a wani birnin Amurka, shi ya sa maganarsu kullum kai, kai, kai. Cika burinka, fifita kanka, yanke hulɗa da duk mai takura maka. Ke kuwa a cikin dangi kike, kuma duk da zumunci yana da nauyi, a nan rabin maganinki yake. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu fama da abin da mutanen can suke kira yawan tunani, sunan da ke ma kika kira naki da shi, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta shirya nata darasin taimakon kai, a rukuni ta gwada shi, a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu da ke arewacin Yuganda, suna zama tare suna sauraro. Saboda haka ki nemi mutum ɗaya, gwaggo ko ƙanwar Mama ko ita wannan ƙawar mai ba da aron littafi, wadda za ki riƙa buɗe wa cikinki ko sau ɗaya a mako. Maigida ma yana cikin nasa halin. Namijin da ya rasa aiki yakan yi shiru ne don kunya, kuma mai yiwuwa shi ma idonsa biyu a wannan ƙarfe ukun.

Na bar magana mafi muhimmanci a ƙarshe don kada ta ɓace a tsakiya. Abin da kika kwatanta ya wuce wanda za a bar wa littafi shi kaɗai. Ma'aunin likitoci shi ne, idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, tare da lalacewar barci da cin abinci da kasala, to a duba mutum. Ke kin yi wata huɗu, har da rama. Yana iya zama ciwon damuwa, wanda ke jin magani sosai. Yana kuma iya zama wani abu a jiki da ke sanye da rigar damuwa, kamar ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko matsalar wani ƙullutu a wuya da ake kira tayirod, kuma gwajin jini ne kaɗai zai bambance. Ba sai kin fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba. Ki je asibitin tarayya da ke nan Gusau, ko wani babban asibiti da ya fi kusa da ke, ki ga likita, in da buƙata shi zai tura ki gaba, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, ga wani a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ita ƙasar ma ta sauya dokarta: a farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki faɗa wa likita komai yadda kika faɗa min, har da rasuwar Mama da batun aikin maigida. In ya rubuta miki magani, ki sani yawancin magungunan damuwa sai sun yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsu, kada ki watsar a kwana biyar, kada kuma ki daina da kanki ranar da kika ji sauƙi. Ina roƙonki kada ki aika yaro kemis ya sayo miki ƙwayar barci, irinsu suna kama jiki, fitarsu ta fi shigarsu wuya. Idan kuma, Allah ya kiyaye, zuciya ta taɓa raya miki cewa gara mutuwa, ko ki cutar da kanki, wannan ba a kwana da shi: ki faɗa wa maigida ko yaya a take, a kai ki asibiti a ranar.

Malama, ki nemi izinin rana ɗaya a makaranta cikin makon nan, ki ce wa yaya shi zai raka ki, tunda ya nuna ya damu da ke. Ki tafi da ɗan littafin rubutun nan a jaka. Bayan wata guda ki sake rubuto mana mu ji yadda jiki yake. Allah ya ba ki lafiya.